Hanyar da Ba Ta da Suna a Dutsen Akushi

Ga ta nan ta iso, ta yi sallama ta zauna a tsakiyarku. Sai dai ba irin wadda ake ji a yi hamma a ja bargo ba ce. Akwai shari'a a ƙarshenta, kuma ku ne alƙalai. Wanda ya san zai yi gyangyaɗi ya tashi tun yanzu, kada a zo yanke hukunci ya ce bai ji farko ba.

Baffana yana da 'ya'ya uku, uwa ɗaya uba ɗaya. Babbansu Yaya Mamuda, mai kemis, mutum ne mai kunya har ta yi masa yawa. Idan ya hango tsoho daga nesa, gwiwarsa takan fara lanƙwashewa tun tsohon bai gan shi ba. Mai bi masa Yaya Sallau, mai sayar da tayoyi, ƙato ne, tumbinsa kan riga shi yin sallama, in kuwa ya yi dariya a shago sai liman ya ƙara ɗaga murya a masallaci. Autarsu Hansatu malamar firamare ce. Ita tsoro aka ba ta a rabon gado. In za a canja ƙwan lantarki a ɗakinta fita take yi waje, don kada ta ga mutum tsaye a kan kujera.

Yaya Mamuda ya auri Ramlatu, 'yar Mai unguwa Bawa na wani ƙauye da ke gindin Dutsen Akushi. Dutsen baƙi ne wuluk, sumul, kamar wani ƙaton ya gama cin tuwo ya kife akushinsa ya tafi. A ƙarshen damina, masara ta nuna, muka ɗunguma muka raka su gaida surukai. A can ne Yaya Sallau ya hango wasu baƙi suna reto a jikin dutsen da igiyoyi.

Ya ce, "Wannan ne har sai an koya wa mutum? Ni da na sha hawa tirela tana tafiya?"

Kafin mu ankara ya je ya yi musu magana da mai koyarwa, su ukun duka. Ni aka ce in bi su in riƙe wayoyi in juya masara, don tun farko na sanar da su cewa ni da ƙasa mun yi alkawari ba za mu rabu ba.

Mai koyarwar sunansa Malam Haladu. Ɗan ƙauyen ne, ya yi shekaru yana hawa ƙarafunan sabis a garuruwa, da ya gaji ya dawo gida ya kakkafa zobban ƙarfe a jikin dutsen, yana koya wa baƙi hawa. Siriri ne, busasshe kamar kilishi, yana magana a hankali ta hanci kamar mai tsoron kada kalmomin su ƙare masa. Kuma kowace magana da abu ɗaya yake rufe ta.

Ya ba kowa hular kwano, da takalman roba masu matse ƙafa, da wata ɗamara da ake zura ƙafafu a ciki a ɗaure a ƙugu. Ta Yaya Sallau sai da aka kwance ta har ƙarshe, yana riƙe numfashi, Malam Haladu yana ja kamar mai ɗaure buhun gyaɗa. Sannan ya nuna mana wani ɗan wurin tsayawa a tsakiyar fuskar dutsen, tsayin rimi daga ƙasa, faɗinsa bai wuce tabarma ba. Shi yake kira Baranda. A can igiyar koyo take rataye a zobe, kawunanta biyu a ƙasa. Mai hawa ya ɗaura ɗaya a ɗamararsa, mai riƙewa ya zura ɗayan a wani ɗan ƙarfe da ke ƙugunsa, wanda Malam Haladu ke kira birki.

Ga yadda yake koyarwa, ku saurara, da hancinsa da komai:

"Ƙafa ce ke hawa dutse. Hannu rakiya ya zo. Shi ke nan maganar."

"Malama, saki dutsen nan, ba mahaifiyarki ba ce. Miƙe ƙafa, ki jingina da iska. Igiya na nan. Shi ke nan maganar."

Ga mai riƙewa kuwa, doka ɗaya ce: "Hannun dama ba ya barin igiya. Ko kunama ta hau maka wuya. Ko wayarka ta yi ta kuka. Ko surukinka ne ya miƙo maka hannu. Shi ke nan maganar."

Da ya ce suruki duk muka juya muka kalli Yaya Mamuda, muka kwashe da dariya, shi kuma ya sunkuyar da kai. Abin da ya sa dariyar ta yi daɗi, tun da aka yi auren nan Mai unguwa Bawa bai taɓa ba shi hannu ba. Tsohon ya so 'yarsa ta auri ɗan gida, ba ɗan birni ba. Yaya Mamuda kan durƙusa daga nesa ya jero gaisuwa, shi kuma ya amsa ta saman kansa, kamar yana gaida bishiyar da ke bayansa.

Kwanakin koyo suka nuna halin kowa. Yaya Mamuda a hawa tsaka-tsaki ne, ba yabo ba fallasa, amma a riƙon igiya Malam Haladu ya ce bai taɓa koya wa irinsa ba. Idonsa sama, hannunsa a igiya, ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai dai ya hura shi.

Yaya Sallau ya hau tsayin mutum ɗaya, sai dutsen ya ƙi shi. Ya sake gwadawa, ya dawo ƙasa da ɗuwawu. Ya kakkaɓe wando ya ce, "Dutsen nan ba shi da tarbiyya." Daga ranar ya koma wurin kurfotin da shi ya matsa aka taho da shi don gasa masara. In ya ƙoshi sai ya karɓi wayarsa ya zagaya bayan dutsen, ya bi wata hanyar awaki yana huci, har wata kafaɗa ta dutsen can sama, don nan ne kaɗai ake samun sabis. Daga ƙasa muna jin muryarsa yana ciniki da masu taya.

Hansatu kuwa, ranar farko ta rungume dutse ta yi ta kuka, ba gaba ba baya. Da aka lallaɓo ta ƙasa ta ce, "Malam, to in Yaya ya yi atishawa fa?" Malam Haladu bai yi dariya ba. Ya ɗauko wata 'yar siririyar igiya ya naɗa wa babbar, ya nuna mata: in ta tura ta da hannu sai ta zame sama, in nauyinta ya faɗa mata sai ta cije. Ya ce, "Wannan ƙullin kaska ne. Ba ya atishawa. Shi ke nan maganar." Ba wanda ya damu ya koya sai ita. Ta ɗaura shi a ƙafar gado, ta ɗaura a tabarya, har a hannuna ta ɗaura ina cin abinci. Sau ɗaya ta kai Baranda, da rarrafe, ido rufe. Amma jingina da iska, wannan ta ce sai dai a lahira.

Sama da Baranda dutsen ya turo ciki waje kamar tumbin Yaya Sallau, kuma ta kan tumbin nan Malam Haladu ya buɗe sabuwar hanya. Al'adarsa ce kowace hanya a jikin dutsen ya raɗa mata sunan mutum guda, duk wanda ya zo daga baya da sunan zai kira ta. Wannan sabuwar ba ta samu suna ba tukuna. Ranar ƙarshe da hantsi ya ce zai hau ta ya nuna mana yadda jagora ke hawa, yana tafe yana maƙala igiyarsa a zobba ɗaya bayan ɗaya. Ya zaɓi Yaya Mamuda ya riƙe masa. Ya kuma ce, "Igiyar nan za ta kai ni sama, amma ba za ta dawo da ni ƙasa ta nan ba. In na kai, ta hanyar awaki zan sauko. Shi ke nan maganar."

Ya kama hawa. Wallahi abin kallo ne. Ba gaggawa, ba kokawa, yana ɗora yatsun ƙafa a wuraren da ni ban ga komai ba sai santsi. Ya wuce Baranda, ya haye tumbin, ya zama ɗan ƙarami a sama.

Ana cikin haka sai ga Mai unguwa Bawa, da farin rawaninsa, da wakilinsa a baya riƙe da buta. Ya zo ganin abin da surukinsa ke yi a jikin dutse kamar biri. Ban san me ya sauko masa a zuciya ba ranar, wataƙila maganin gwiwar da Yaya Mamuda ya kawo masa ne ya yi aiki. Ya taka har gabansa, ya yi sallama, ya miƙa masa hannu. Hannun da aka yi wata da watanni ana jira.

Yaya Mamuda ya amsa sallama, idonsa na sama. "Barka da hantsi, Baba."

Hannu yana nan a miƙe.

Wakili ya matso, da 'yar muryarsa kamar ta sauro: "Kai yaro, hannun Mai unguwa ne fa a gabanka."

"Na gani. A yi mini haƙuri, Baba, akwai mutum a hannuna."

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi sama. "Wancan da ke tafiyarsa lafiya lau kamar ƙadangare?"

Yaya Sallau ya taso da masara a baki, ya goge hannu a riga ya miƙa. "Ranka ya daɗe, ga nawa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, duk ɗaya ne."

Ko kallonsa tsohon bai yi ba. Ya bar hannunsa a miƙe, don shi ma taurin kai ba baƙonsa ba ne. Ni ina gefe ina kallon Yaya Mamuda. Gumi na zubo masa ta ƙarƙashin hular kwano, gwiwarsa tana neman ƙasa da kanta, kunnuwansa kamar za su kama da wuta. Bai durƙusa ba, bai sauke ido ba, hannun damansa bai motsa ba. Can Mai unguwa ya janye hannunsa a hankali, ya zura shi cikin riga. Ya ce wa wakili, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "Ka ga abin da na ba 'yata."

Ya juya ke nan zai tafi muka ji wani gunji daga sama. Ashe ƙudan zuma sun tare a wani tsagi da ke saman tumbin a 'yan kwanakin nan, ba wanda ya sani, kuma cikin tsagin Malam Haladu ya zura hannu. Muka ga baƙin abu ya taso ya rufe shi. Ya yi ƙoƙarin kare fuska, ƙafa ta zame, ya taho.

Igiyar ta fizgi Yaya Mamuda sama kamar shaho ya ɗauki ɗan tsako, gwiwarsa ta bugi dutse. Ta zame a tafinsa kamar kamu guda kafin birki ya cije, har na ji ƙaurin fata ya danne ƙamshin masara. Amma ta tsaya. Malam Haladu yana reto a iska, kansa ya bugi tumbin dutsen, hular kwanonsa ta tsage, hannuwansa sun saki, ƙudan zuma na kansa.

Mai unguwa ya yi salati. Ya ce, "Ku sauko da shi mana."

Yaya Mamuda ya ce, haƙora a cije, "Ba za ta kai ba, Baba. In na wuce da shi Baranda, igiya za ta ƙare yana sama. Sai wani ya hau Baranda ya jawo shi ciki."

Ga mutum a rataye bai san inda yake ba. Ga ƙudan zuma suna ta harbinsa, kuma sun cika sararin Baranda. Ga wanda ya fi kowa iya hawa a cikinmu ɗaure da igiya, ba halin ya matsa. To, ku ji abin da kowannensu ya yi.

Yaya Mamuda ya tsaya. Aikinsa ke nan, kuma kada ku raina shi. Yana tsaye a kan yatsun ƙafa, nauyin mutum guda a ƙugunsa, tafin hannunsa a saɓule, jini na bin igiya yana ɗiga a takalminsa. Wakili ya ce ya kawo ya taya shi riƙewa, ya girgiza kai. Na kai masa ruwa bakinsa, bai sha ba, don shan ruwa sai an sauke ido. Tun daga faɗuwar har ƙarshe, ban ga ya kalli hannun nan ko sau ɗaya ba.

Yaya Sallau ya kifar da masarar da ke kan kurfoti, kuma a iya sanina ranar ya fara zubar da abinci a rayuwarsa. Ya kwaso busasshen kashin shanu a ƙarƙashin wani dutse inda makiyaya ke fakewa, ya danna a kan garwashi, ya rufe da ɗanyen ganye, hayaƙi ya turnuƙe. Ya waiga neman igiya, babu, duk suna jikin dutse. Sai idonsa ya sauka a kan Mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, aron rawani."

Kafin tsohon ya buɗe baki ya kama jelar ya ja, Mai unguwa ya juya kamar mazari. Tun da aka kafa ƙauyen ba a taɓa tuɓe mai unguwa da sauri haka ba. Wakili ya buɗe baki ya manta yadda ake rufewa. Yaya Sallau ya rungumi rawani, ya ɗauki kurfotin da wutarsa a hannu, ya bi hanyar awakin nan a guje, mutumin da kullum sai ya huta a hanya ya yi tsaki. Da ya kai kafaɗar ya jiƙa bakin rawanin, ya ɗaura a mariƙin kurfoti, ya kwanta rub da ciki a bakin gaɓa ya zura shi ƙasa. Rawani ya gaza kaɗan. Ya zare zariyar wandonsa ya ƙara. Kurfoti ya sauka daidai bakin tsagin, hayaƙi ya shiga. Waɗansu ƙudan suka lafa, waɗanda ba su lafa ba suka bi rawani suka hau neman mai shi. Hannuwansa biyu na riƙe, babu na kaɗe fuska. Muka jiyo shi daga sama:

"Hansatu, hau! Sun bar shi, sun ga inda nama yake!"

Hansatu tun kafin ya yi magana tana gindin igiyar koyo. Ba wanda ya ce mata ta je, ba kuma wanda zai riƙe mata. Ta rufa mayafinta a kan hular kwano har wuya ta ɗaure, ta haɗa igiyar biyu ta naɗa musu ƙullin kaska, ƙullin ya fito tsaf. Ta ce, "Yaya Mamuda, kada ka kalle ni. Shi za ka kalla." Ta kama hawa. Taka, tura ƙulli, taka, tura ƙulli. Ina jin tana karanto duk addu'ar da ta sani, da ta ƙare ta kama addu'ar shiga kasuwa da ta hawa mota. Sau ɗaya ƙafarta ta zame, na rufe ido, da na buɗe kaska ta cije, tana nan. Ta kai Baranda.

"Yaya, sassauta. Kaɗan. Ƙara. Tsaya."

Malam Haladu ya sauko daidai da ita, amma tumbin dutsen ya ture igiyarsa waje. Ta miƙa hannu, bai kai ba. Ta durƙusa ta miƙa, bai kai ba. Sai ta miƙe, ta maƙala kanta a zobe, ta kafa ƙafafu a bakin Baranda, ta saki dutsen, ta jingina da iska. Duk jikinta a waje, ba komai a ƙarƙashinta sai mu. Ta kama ɗamararsa da hannu biyu, ta jawo shi, suka zube tare a kan Baranda. Ta maƙala shi a zoben, ta ce, "Yaya, na kama shi. Huta."

Sai a lokacin Yaya Mamuda ya zauna a ƙasa. Yatsunsa sun ƙi buɗewa, sai da na ɓamɓare su ɗaya-ɗaya.

Hansatu ta yayyafa wa Malam Haladu ruwan gorar da ke rataye a ɗamararsa, ta kankare masa ƙarin zuman da ke fuska da wuya. Da ya farfaɗo ya dube ta da ido ɗaya, don ɗayan ya rufe, ya dubi ƙasa, ya sake dubanta. Ya ce, "Malama, wa ya riƙe miki?" Ta ce, "Kaska." Ta ce ranar ta fara jin ya yi magana bai rufe ta da shi ke nan maganar ba. Daga nan shi ya riƙa faɗa mata yadda za ta ɗaura shi a igiyar koyo. Yaya Mamuda ya naɗe tafinsa da ɗankwalina ya koma birki, ya sauko da shi, sannan ya sauko da ita.

Yaya Sallau ne ƙarshen isowa, hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya da rawani. Fuskarsa ta kumbura har idanun sun zama kamar an tsaga kabewa da reza, leɓensa na sama ya rufe na ƙasa. Ya durƙusa gaban Mai unguwa da ƙyar. "Ranka ya daɗe, ga sarautarka. Jelar ce kawai ta ɗan ƙone."

Tsohon bai karɓa ba tukuna. Kansa ba rawani, 'yar hula kawai, ya wuce shi ya je inda Yaya Mamuda yake zaune. Yaya Mamuda ya yunƙura zai durƙusa, tsohon ya dafa kafaɗarsa ya hana shi. Ya tsuguna da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya ɗauki hannun da ke naɗe da ɗankwali ya riƙe shi a cikin nasa biyu. Wakili ya juya baya yana gyara butar da ba abin da ya same ta.

Aka kai Malam Haladu da Yaya Sallau asibiti a motar ɗaukar masara. Malam Haladu ya sha ɗinki a ka, ya kwana biyu, ya tashi. Da muka je duba shi, ya sa aka jingina shi da matashi, ya dubi su ukun.

"Hanyar nan ba ta da suna. Na yi niyya in sa mata sunan wanda ya riƙe mini rai. Hanya kuwa suna ɗaya take ɗauka. Na kwanta na tashi, na kasa."

Yaya Sallau daga gadon da ke kusa ya ɗaga hannu, maganarsa na fita ta gefen leɓe: "Malam, wahalar me kake sha? Dubi fuskata. Ai sunan a rubuce yake."

Hansatu ta ce, "Kai da ko tsayin mutum biyu ba ka hau ba a hanyar?"

"Na fi ki tsayi ranar. Daga sama nake kallonki."

Ta ce ita dai a sa sunan Yaya Mamuda. Yaya Mamuda ya ce a sa na auta. Yaya Sallau ya ce tunda dai su biyun ba sa so, shi bai iya ƙin alheri ba. Aka yi dariya, amma Malam Haladu bai yanke ba, kuma har yau da nake ba ku labari baƙi na zuwa suna hawa, in sun tambayi sunan hanyar sai ya ce ana shari'a.

A gidanmu ma an rabu uku. Masu goyon Yaya Mamuda suna cewa sauran biyun sai da suka ga mutum a rataye suka motsa, kuma kowa jarumi ne in ya ga jini. Shi kuwa ya riƙe tun ba a ga haɗari ba, lokacin da ba abin da ke gabansa sai kunya, da hannun surukinsa, da zaman lafiyar aurensa. Da ya saki na ƙiftawar ido don ya gaisa, da babu wanda za a yi wa hayaƙi, babu wanda za a jawo. Masu suka kuma suna cewa ai ko taku ɗaya bai yi ba, abin da aka ce ya yi shi ya yi, kuma ko ƙuda ɗaya bai harbe shi ba.

Masu goyon Yaya Sallau suna cewa shi ba wanda ya koya masa nasa. An koyar da riƙo, an koyar da ƙulli, ba a koyar da zuma ba. Daga kansa dabarar ta fito, da ƙafarsa ya kai ta, da fuskarsa ya biya. Ba don hayaƙin ba, da ƙudan sun gama da Malam Haladu yana rataye, riƙon Yaya Mamuda ya zama riƙon gawa, Hansatu kuma ko Baranda ba za ta taka ba. Masu suka suna cewa a kwance ya yi nasa a kan dutse mai faɗi, harbi kuwa kumburi ne, yana saɓewa. Wasu ma sun ce tuɓe rawanin nan daɗi ya yi masa.

Masu goyon Hansatu suna cewa riƙo da hayaƙi jinkiri kawai suka saya. Hannun Yaya Mamuda yana da iyaka, garwashi ma yana mutuwa, da ba ta je ba da haka za a yi ta tsayuwa har ɗaya ya ƙare. Ita kaɗai ta ɗora ranta a kan iska, kuma ita ce wadda ba ta iya kallon mutum a kan kujera. Abin da ya fi ba ta tsoro a duniya shi ta yi, ba mai riƙe mata. Masu suka suna cewa sai da aka share mata hanya ta bi: an tsayar mata da mutumin, an kore mata ƙudan, ga ƙulli a ƙugunta da ba ya atishawa.

Ni dai masarata aka zubar, ba ni da ƙuri'a. Tatsuniya ta kai bakin gaɓa, ta juyo tana kallonku. Ga wanda ya ƙi sakin igiya, ga wanda ya sha harbi, ga wadda ta jingina da iska. Hanya ɗaya, suna ɗaya. To, ku faɗa mini, sunan wa ya kamata Malam Haladu ya raɗa mata?